Shedeur Sanders a lamba 144 a zaɓen sabbin 'yan wasan NFL, gasar ƙwallon Amurka: in saya wa yarona rigarsa ko in dakata? (muhawara ce da aka yi kafin fara kakar 2025)

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa ina karanta muhawararku ban taɓa sa baki ba. Yau kam wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma a gidana ba wanda zan yi ta da shi sai yaron da shi ne ya jawo ta.

Ina zaune a Columbus, jihar Ohio, tun 2013. Aikina tuƙin motar kai kaya, yawancin tafiyata a kan hanyar I-71 ce, tsakanin nan da Cleveland. A Zariya na tashi, can kuwa ƙwallo ɗaya muka sani, ta ƙafa. Wannan ta Amurka a rediyon mota na koye ta. In kullum kana yin awa biyu da wani abu a hanya, mutane suna bugo waya gidan rediyo suna kuka da Browns, ƙungiyar Cleveland, wata rana sai ka tsinci kanka kana kukan tare da su. Da ni aka yi 2016 da muka ci wasa 1 tak cikin 16. Da ni aka yi 2017 da ko ɗaya ba mu ci ba. Da ni kuma aka yi daren nan na Janairun 2021 da muka je har Pittsburgh muka doke Steelers 48 da 37. Khalifa yana ɗan shekara 7 a lokacin, ya ƙi kwanciya har aka tashi, sanye da rigar Baker Mayfield mai lamba 6 da na saya masa.

Rigar nan ita ce tushen tambayata. A 2022 aka tura Mayfield Carolina. Yaron bai yi kuka a gabana ba, amma ya ninke rigar ya sa ta can ƙasan akwati, ya daina zama kallo da ni ranar Lahadi. Sai a Satumban 2023 ya dawo, ranar da jami'ar Colorado ta je gidan jami'ar TCU ta ci 45 da 42, Shedeur Sanders, kwatabak ɗin Colorado, wato mai jagorantar hari da jefa ƙwallo, ya yi jifan da ya kai yadi 510. Tun daga ranar ba shi da gwani sai shi. Duk Asabar in Colorado na wasa, ko da dare ne, sai mun yi rigima da mahaifiyarsa a kan lokacin barci.

To sai ga daraf na 2025 a Green Bay, wato taron da ƙungiyoyin NFL suke zaɓar sabbin 'yan wasa daga jami'o'i bi da bi, zagaye-zagaye. Daren Alhamis, 24 ga Afrilu, Tennessee suka buɗe da Cam Ward. Mu muke da lamba 2, muka bar wa Jacksonville suka ɗauki Travis Hunter, muka sauko 5 muka ɗauki Mason Graham. Khalifa ya ce ba komai Baba, Giants za su ɗauke shi, in ba su ba Saints, in ba su ba Steelers. Giants suka dawo a lamba 25 suka kira Jaxson Dart. Aka rufe daren ba a ambaci sunansa ba. Ranar Juma'a muka ɗauki mutum huɗu, na ƙarshensu a lamba 94 kwatabak ne, amma Dillon Gabriel na Oregon. Yaron ya tashi ya shige ɗaki bai ce uffan ba. Ranar Asabar muna cikin mota za mu sayo nama, rediyo ya ce Browns sun ba Seattle lamba 166 da 192 sun karɓi 144, sun ɗauki Shedeur Sanders. Ihun da ya yi sai da na gangara gefen titi na tsaya.

An ba shi riga mai lamba 12, kuma abin da Khalifa yake so na Babbar Sallah ke nan: rigar. Kuɗin ba shi ne damuwata ba. Damuwata kada in sake sa masa rai a kan mutumin da ba zai kai Satumba a ƙungiyar ba. Ɗakin kwatabak ɗinmu mutum biyar ne: Joe Flacco, Kenny Pickett, Gabriel, Shedeur, ga Deshaun Watson yana jinyar agara. Ni a idona yaron nan ya iya. Na kalli wasanninsa da yawa saboda Khalifa, jifansa yana sauka inda ya nufa, kuma ana dukansa yana tashi. Amma ƙungiyoyi 32 sun gan shi sun wuce, mu kanmu sau 6 muka wuce shi. Ko dai akwai abin da suke gani wanda ni da ɗana ba ma gani?

Masu bin abin da kyau, ku gaya mini gaskiya. Wanda aka ɗauka a zagaye na 5, yana bayan mutum uku, yana da hanya kuwa?

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam Yaya. Ni daga Kano nake, shekarata uku da fara kallon NFL, wasan ƙarfe ɗaya na ranarku nan shida na yamma yake kama mu, bayan magariba na zauna na ƙarasa. Sayi rigar nan kawai! Tom Brady a lamba 199 aka ɗauke shi a 2000, ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, sau 7. Brock Purdy shi ne na ƙarshe ƙaf a 2022, lamba 262, ga shi ya kai San Francisco wasan ƙarshe, a watan nan ma suka ba shi kwantiragin dala miliyan 265 na shekara 5. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kuma ka duba abin da yaron ya yi. Kafin su zo shi da babansa, koci Deion Sanders, Colorado wasa 1 ta ci cikin 12. A 2024 ta ci 9. Kashi 74 cikin ɗari na jifansa ya shiga hannun nasa, tocdawun (kai ƙwallo ƙarshen fili a ci maki) 37, sau 10 kawai abokan gaba suka cafe masa. Wane ne a cikin waɗancan ukun zai hana shi? Flacco shekararsa 40.

Abu ɗaya dai har yanzu yake ɗaure mini kai, wani ya warware mini. Mu a ƙwallon Turai in koci ya ga yaro ya fi, sa shi yake yi, ba ruwansa da yadda aka samo shi. Me ya sa ku kuke ta nanata lambar da aka ɗauki mutum kamar an rubuta masa ita a goshi? Ba an gama daraf ba? Yanzu ai fili ne zai raba gardama.

Injiniya na Houston:

Baban Khalifa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya Khalifa. Ɗan Fagge, ƙanena, tambayarka ta ƙarshe ita ce maganar gaba ɗaya, bari in fara da ita.

Lambar tana bin mutum ne saboda kuɗi da kuma lokacin atisaye. Albashin sabon ɗan wasa a NFL ba ciniki ake yi ba, gurbin da aka ɗauke ka shi yake yanke shi. Cam Ward zai karɓi kusan dala miliyan 49 a shekara 4, kuma duka tabbatacce ne, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Shedeur nasa kimanin miliyan 4.6 ne a shekara 4, abin da yake tabbatacce a ciki kuɗin sa hannu ne kawai, bai kai rabin miliyan ba. Manajan da ya kashe zagayen farko a kan yaro, aikinsa ya rataya a wuyan yaron, dole ya yi masa haƙuri shekara biyu ko uku. Na zagaye na 5 kuwa in an sallame shi a Agusta ba wanda zai rasa aikinsa.

Sai atisaye. A ƙwallon ƙafa mutum 22 suna fili lokaci guda, kowa koci yana ganinsa. A nan kwatabak ɗaya ne yake tsayawa bayan manyan 'yan wasa a kowane zubi. Na farko yana cinye mafi yawa, na biyu ya samu saura, na huɗu sai ya ƙare yana jefa wa yaran da su ma za a sallama. Ta yaya za ka nuna ka fi, alhali manyan masu karɓar jifa irin su Jerry Jeudy da David Njoku ba su taɓa karɓar jifanka ba? Yanzu suna da mutum 90. Ƙarshen Agusta za a rage zuwa 53, kuma yawancin ƙungiyoyi kwatabak 2 ko 3 suke riƙewa.

Brady da Purdy da ka kawo, duba yadda ƙofa ta buɗe musu. Brady sai da Mo Lewis na Jets ya yi wa Drew Bledsoe mummunan karo a Satumban 2001. Purdy sai da Trey Lance ya karye a idon sawu, Jimmy Garoppolo ya karye a ƙafa, duk a kaka ɗaya. Dak Prescott, lamba 135 a 2016, sai da Tony Romo ya ji ciwo a baya a wasan share fage. Ba wanda a cikinsu ya ƙwace gurbin a filin atisaye. Kuma su ukun sun faɗa cikin ƙungiyoyi masu ƙarfi. Browns wasa 3 suka ci bara, aka ci su 14.

In ana neman wanda ya yi kama da Shedeur, ni Sam Howell nake gani. Shi ma an taɓa cewa ɗan zagayen farko ne, ya zame har zagaye na 5 a 2022. Lambarsa? 144, daidai wannan. Washington suka ba shi kakar 2023 gaba ɗaya, wasa 17. Ya yi tocdawun 21, aka cafe masa 21, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 65. Suka ci wasa 4, suka ɗauko Jayden Daniels, shi kuma aka tura shi Seattle, daga can Minnesota. Kuma Baban Khalifa, kai ka fi ni sanin Dorian Thompson-Robinson, da ku kuka ɗauka a 140 a 2023. Ina yake yanzu? Shi aka haɗa da lamba ɗaya aka ba Philadelphia aka karɓo Pickett.

Dalilin da ya sa Howell ya zo mini a rai ba lambar kaɗai ba ce. Ciwonsu ɗaya. An kayar da Shedeur sau 52 a 2023, sau 42 a 2024. Na yarda katangar 'yan wasan da ke kare shi a Colorado ba ta da kirki, musamman shekarar farko, har ya ƙare ta da tsagewar ƙashi a baya. Amma ku koma ku kalla da kyau. Sau da yawa ƙwallo tana daɗewa a hannunsa, in an matso shi sai ya ja da baya maimakon ya matsa gaba cikin katangar ko ya jefar da ita waje, asarar yadi 5 ta koma ta 15. A jami'a kana iya tsira da wannan. A rukunin da ke da gwanayen kayar da kwatabak irin su T.J. Watt da Trey Hendrickson ba za ka tsira ba. Kuma shi ba mai gudu ba ne irin Lamar Jackson da zai gyara ɓarnar da ƙafa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ba ni tsoro a kansa: cinikin da kuka yi da Jacksonville ya ba ku zagayen farko biyu a 2026. In kakar bana ta lalace, kwatabak za su ɗauka a sama. Ke nan wata huɗu yake da su ya canja musu ra'ayi, in ma an ba shi fili.

Zai shiga cikin 53? Ina kyautata zato, don in suka sake shi wata ƙungiya za ta iya ɗauke shi cikin kwana ɗaya kafin su ɓoye shi a cikin 'yan atisaye. Zai zama mai gurbin shekara biyar nan gaba? Ban sa rai ba.

Maman Ilham:

Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ni a wajen Cleveland nake, aikin jinya nake yi, kuma a wurin aikinmu tun ranar Asabar ɗin nan ba a yi wata hira ba sai wannan. Ina so in ƙara abu ɗaya da lissafi ba ya kamawa.

Yaron nan tun yana sakandare babansa yake gefen fili. Jackson State babansa ne koci, Colorado babansa ne koci. Deion Sanders kuwa ba ƙaramin suna ba ne, shi a lamba 5 Atlanta ta ɗauke shi a 1989. Wannan ne karo na farko da Shedeur zai shiga ɗakin da ba wanda ya haife shi a ciki, a ce masa kai ne na huɗu, ɗauki littafi ka zauna a baya. Ni a nan nake ganin za a san ko wane ne. Maganganun da aka yi ta yaɗawa kafin daraf, wai bai yi ladabi a ganawa da ƙungiyoyi ba, duk daga bakin mutanen da suka ƙi a faɗi sunansu suka fito, kuma ni ba na auna ɗan mutane da irin wannan. Amma abin da kowa ya gani shi ne bai yi jifa a gwajin da ake yi wa sabbin 'yan wasa a Indianapolis kafin daraf ba, ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya riga ya wuce gwaji. Wannan shawara ta cuce shi, ko wa ya ba shi ita.

Abin da ya burge ni kuma, kwana uku kyamara tana kansa duniya tana kallo ana tsallake shi, har wani ya buga masa wayar ƙarya ya yi masa wasa da hankali a tsakiyar abin, yaro ɗan shekara 23, bai zagi kowa ba. Da na ga haka na ce wannan yana da ƙashin haƙuri.

Game da Khalifa, Baban Khalifa, ka yi haƙuri in faɗa maka a matsayina na uwa. Ba rigar Mayfield ce ta ɓata masa rai ba, rashin wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa haka harkar take ne. Yanzu ya kai 11, zai gane. Ka karanta masa abin da Injiniya ya rubuta, har da labarin Howell. In ya ji duka ya ce har yanzu yana so, to ya san abin da ya zaɓa.

Baban Khalifa:

Na gode ƙwarai, dukanku. Maman Ilham, maganarki ta shige ni. Gaskiya ne ban zaunar da shi a 2022 ba, ni kaina raina a ɓace yake, na bar yaro da nasa.

Injiniya, na karanta naka sau biyu a wurin sauke kaya. Batun riƙe ƙwallo ba ni da ja, na gani da idona a wasansu na ƙarshe da BYU suka ci su 36 da 14, har Khalifa da kansa yana cewa jefar mana. Amma akwai inda ban bi ka ba, kuma a nan ne nake ganin ɗakinmu ya bambanta da sauran.

Ka ce Brady da Purdy da Dak sai da ciwo ya buɗe musu ƙofa. Haka ne, don a gabansu akwai mai gida. Bledsoe a shekarar ya sa hannu a kwantiragin shekara 10, Romo shi ne fuskar Dallas. Mu wa muke da shi? Flacco ina ƙaunarsa har zuciya, ban manta Disambar 2023 ba da ya taso daga zaman gida ya ci mana wasa 4 cikin 5 ya kai mu wasannin fitar da gwani. Amma kwantiraginsa na shekara ɗaya ne, kuma ba wanda yake gina gida a kan ɗan shekara 40. Pickett, Steelers da suka ɗauke shi a lamba 20 sun haƙura da shi bayan shekara biyu. Watson kuwa, da aka kashe dala miliyan 230 da zaɓin zagayen farko uku a kansa, mai ƙungiyar da bakinsa ya amsa a bana cewa cinikin bai yi ba. Ƙofarmu ba a kulle take ba, a sakaye take. Bara kaɗai mutum huɗu suka fara mana wasa a wannan gurbi. Tun da ƙungiyar ta dawo a 1999, da wuya ka ƙirga shekarun da mutum ɗaya ya yi kaka daga farko har ƙarshe su cika yatsun hannu ɗaya. Ni ban damu da ko zai samu fili ba, a Cleveland kowa yana samu. Tsorona ya samu tun bai shirya ba.

Don ni abin da na fahimta a shekarun nan na sauraron Kevin Stefanski, kocin Browns a 2025, wasansa ba irin na Colorado ba ne. A Colorado yaron yana tsaye can baya ake wurgo masa ƙwallo, idonsa a kan masu tsaro tun daga farko. Stefanski yana son ka karɓa hannu da hannu daga na tsakiya, ka juya wa abokan gaba baya, ka yi kamar ka miƙa wa mai gudu, sannan ka waiwayo ka saki nan take. Daƙiƙar nan da ka ba su baya, duk abin da ka gani kafin a fara ya canja. Wannan sai an koya, kuma koyonsa sai da maimaici, ga shi ka ce na huɗu ba ya samun maimaici. A nan maganarka ta kama ni.

Gabriel kuma ba na raina shi kamar yadda masu bugo waya rediyo suke yi. Mu a Columbus mun san shi. Shi ya ci Ohio State 32 da 31 a Oktoba, kafin su rama a Rose Bowl ranar 1 ga Janairu. Gajere ne, bahago ne, amma shekara 6 ya yi a jami'a, ya fara wasa 63, kuma ƙwallo ba ta kwana a hannunsa. Na gane dalilin da ya sa koci zai so shi. Sai dai lamba 50 da ke tsakaninsu ba ta sa ya zama Cam Ward ba. A 2012 Washington ta ɗauki Robert Griffin a lamba 2, ta ɗauki Kirk Cousins a 102, a daraf ɗaya. Wanda aka ɗauka a baya shi ne ya gaje gurbin. In an yi haka tsakanin 2 da 102, tsakanin 94 da 144 ba abin mamaki ba ne.

Ɗan Fagge, wani abu da zai ba ka haushi: a shekarar Brady, mu Browns mun ɗauki kwatabak a lamba 183, Spergon Wynn, lamba 16 kafin a kira Brady. Duk ɗan Cleveland ya san sunan nan. Shi ya sa mutanen garin ba sa iya ganin kwatabak na ƙarshen daraf su kawar da kai.

Kawu na Zango:

Salamu alaikum yara. Ni tsoho ne a cikinku, daga Kumasi na zo Bronx tun Giants suna da Phil Simms. Na ga irin wannan da yawa.

Baban Khalifa, kada ka saurari abin da za a rubuta daga atisayen Yuni. Ba sulke, ba karo, ba wanda yake taɓa kwatabak, kowa gwani ne a gajeren wando. Ka jira Agusta, wasannin share fage guda uku. Kuma in ka zauna kallo kada ka ƙirga tocdawun, don da yaran da za a sallama zai yi wasa, da irinsu kuma zai kara. Ka duba abu biyu. Na ɗaya, in katanga ta tsage, gaba yake takawa ko baya. Na biyu, a wane kwata ake sa shi. In ka ga an fara sa shi kafin hutun rabin lokaci, to kociyoyi sun fara canja ra'ayi. In har wasa na uku a kwata na huɗu yake shigowa, ka san inda yake.

Ka kuma sa ido a kan Pickett da Flacco. In wata ƙungiya ta rasa nata a Agusta ta bugo waya, ɗayansu za a sayar, yaronku ya hau mataki ɗaya ba tare da ya yi komai ba.

Ni Giants ɗina sun wuce shi sau uku a kwana biyun farko, kuma ban ji haushi ba, Dart ya fi shi ƙafa da ƙarfin hannu. Iskar tafkin Erie a Disamba ba ta raga wa mai matsakaicin hannu. Amma saiti baiwa ce, ba a cika koya wa babba ita ba, shi kuwa yana da ita. Riƙe ƙwallo ana iya gyarawa in mutum ya yarda laifinsa ne. Wannan yardar ce ban sani ba ko yana da ita, kuma ba wanda ya sani a nan.

Rigar kuwa, jikana yana da ta Saquon Barkley ta Giants, mutumin ya koma Philadelphia ya ci kofi da su, har gobe yaron yana sa ta zuwa makaranta.

Ɗan Fagge:

Kawu na gode, Injiniya na gode, yanzu na gane batun atisayen. Amma ina nan a kan bakata. Ranar 5 ga Oktoba Browns za su kara da Minnesota a Landan, ƙarfe biyu da rabi na rana agogon Najeriya, karon farko da zan kalle ku ido biyu ba gyangyaɗi. Ina fatan lamba 12 zan gani.

Baban Khalifa:

Jiya bayan isha'i na zaunar da shi. Na karanta masa na Injiniya duka, ban tsallake Howell ba, na karanta masa na Kawu. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko in an sallami Shedeur zai iya ci gaba da son sa a wata ƙungiyar, mu kuma mu ci gaba da Browns ranar Lahadi. Na ce masa ƙwarai kuwa. Ya ce to yana son rigar, ruwan ƙasa ba fara ba.

Na yi oda da safen nan, na ɗauki wadda ta ɗan fi shi girma. Na kuma yi masa alkawarin in an buɗe sansanin atisayen Browns a Berea, kusa da Cleveland, ƙarshen Yuli zan nemi hutun kwana ɗaya mu je. Ya ce zai zo da littafi ya rubuta sau nawa aka sa Shedeur tare da manya, kamar yadda Injiniya ya ce. Maman Ilham, in kuna kusa da Berea ku da maigida da yara, ku sanar da ni ranar da ta fi muku sauƙi, sai mu nemi tikitin rana ɗaya.